YADDA GANYE YA KE DAFA ABINCI DA HASKEN RANA

Jawabi ga 'yan ajin karatun manya na Yalwawa, Dutse

  Abin da na ke so mu duba yau tambaya ce guda, amma ta shafi rumbun kowane ɗayanku. Mutum ya shuka ƙwayar dawa, wadda ba ta kai girman ƙwayar wake ba. Bayan wata biyar ya tarar da kara ya fi shi tsawo, ga zangarniya mai ƙwaya dubu ko fiye. To, wannan kaya duka daga ina ya fito?

Yawancin mutane za su ce daga ƙasa. Amma ku yi tunani. Akwai gonar da kakanka ya noma, ubanka ya noma, kai ma kana nomawa. Kowace kaka a kan kwashe damman hatsi a kai gida, a kwashe kara a yi danga. In da ƙasa shuka ta ke ci, ai da yanzu gonar nan ta zama kududdufi, kamar inda maginan unguwa su ke haƙar ƙasa. Ga ta kuwa nan shimfiɗe yadda ta ke. Ashe akwai wata magana a ciki.

GWAJIN WANI LIKITA

Akwai wani likita a ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, sunansa Van Helmont. Wannan tambaya ta dame shi, sai ya ce bari ya auna. Ya busar da ƙasa, ya auna laba 200, ya zuba a babbar tukunya. Ya dasa wani ɗan itace mai nauyin laba 5. Ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga, ba ya zuba kome sai ruwa. Da shekara biyar ta cika ya tumɓuke itacen ya auna, ya sami laba 169. Ya sake busar da ƙasar ya auna, sai ya ga abin da ta rage bai wuce oza 2 ba. An buga labarin gwajin nan a 1648, bayan mutuwarsa.

Shi likitan ya ce, ashe da ruwa a ke gina itace. Ya faɗi rabin gaskiya. Sauran rabin kuwa yana cikin wani abu da bai auna ba, watau iska.

Ku ma kuna da shaida a gida. A sa gungumen da sai ƙato biyu za su ɗauka a wuta, a bar shi ya cinye. Me zai rage? 'Yar toka, wadda yaro zai kwashe a ƙwarya. To, tokar nan ita ce gishirin da itacen ya samo daga ƙasa. Sauran nauyin duka ya tashi sama, ya koma inda ya fito. In kuwa masu gawayi suka binne itacen suka hana shi cinyewa, sai a sami gawayi. Baƙin abin nan da ke cikin gawayi masana suna ce da shi kabon. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Haka kara, haka hatsi. Kowa ya taɓa ganin tuwo ya ƙone ya ga kabon da idonsa.

ISKA BA IRI ƊAYA BA CE

Iskar da mu ke shaƙa gauraye ce, kamar hatsin da aka haɗa a masaki guda. Cikin kashi 100, wajen 78 wata iska ce da a ke kira naitirojin. Wajen 21 kuwa oksijin ce, ita ce mai riƙe numfashi, ita ce kuma wuta ba ta ci sai da ita. Cikin ɗan abin da ya rage akwai wata mai suna kabon dayoksaid. Tun da sunan yana da nauyi a baki, bari mu ce da ita iskar gawayi, gama kabon ne da oksijin suka haɗu suka zama ita. Tana fita daga hancin mutum da na dabba, da bakin murhu, da bututun mota, da jujin da ke ruɓewa. Ba ta da launi, ba a ganinta.

Ba ta da yawa ko kaɗan. In ka ƙidaya ƙwayar gero dubu goma, ka ɗebe huɗu, to, kamar rabon iskar gawayi ke nan cikin iska. Amma daga ɗan wannan ne dukan kabon da ke cikin kuka da tsamiya da rumbunka ya fito.

Ba dare ɗaya aka gane haka ba. A 1771 wani Bature na Ingila, Joseph Priestley, ya kife kyandir da tulun gilashi har wutar ta mutu don iskar ciki ta ɓaci. Ya sa reshen na'ana'a mai rai a ciki, ya bar shi kwanaki. Da ya sake gwadawa sai wuta ta ci. Ya gane tsiro yana gyara iskar da wuta da numfashi suka ɓata. A 1779 wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna gyaran nan ba ya yiwuwa sai da haske, kuma sai a koren jikin tsiro. A 1804 De Saussure, mutumin Suwizalan, ya auna ya tabbatar tsiro yana ƙara nauyi da iskar gawayi da ruwa tare. Kun ga mutum huɗu, ƙasa huɗu, shekara fiye da 150, kowa ya aza tubalinsa bisa na wani.

GANYE SHI NE MADAFA

To, yanzu mu shiga cikin ganyen. Ku ɗauka ganye madafa ce. Cefanen da a ke kawowa iri biyu ne, ruwa da iskar gawayi. Wutar murhu ita ce hasken rana. Abincin da a ke saukewa kuwa sukari ne.

Ruwa saiwa ce ke jawo shi, ya hau ta cikin kara, ya rarrabu ta jijiyoyin nan da ku ke gani in kun ɗaga ganye wajen rana. Iska kuwa tana shiga ta waɗansu ƙofofi ƙanana da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A ganye guda akwai dubbai bisa dubbai. Kowace ƙofa tana da masu tsaro biyu. In ruwa ya wadata sai su buɗe, in ya yi ƙaranci sai su rufe.

Can ciki kuma akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi cike da wani abu kore, sunansa kulorofil. Shi ne ya sa ganye ya zama kore, shi ne kuma tarkon da ke kama haske. Ba ya samuwa sosai sai tsiro yana ganin rana. Gani ya kori ji: ka kife tasa bisa ɗanyar ciyawa, ka bar ta kwana bakwai. Ran da ka ɗaga za ka tarar ciyawar ta koɗe, ta yi fari-fari, ta langaɓe. Ruwa yana nan, ƙasa tana nan, haske kaɗai aka hana ta, yunwa ta kama ta.

Aikin madafar nan hawa biyu ne.

Hawa na fari, kulorofil ya kama haske, da ƙarfin hasken nan a ke tsaga ruwa. Ruwa dai abu biyu ne a haɗe, haidirojin da oksijin. Ganye ya riƙe haidirojin, ya saki oksijin ta ƙofofin nan ta fita. Waɗansu masana biyu a Amurka, Ruben da Kamen, su suka tabbatar a 1941 cewa oksijin da ganye ke saki daga ruwa ta ke fitowa. Ƙarfin hasken kuma ba ya ɓacewa, sai a tara shi cikin waɗansu 'yan ƙwayoyi, kamar yadda faifan sola ke tara hasken rana cikin batir, a yi aiki da shi.

Hawa na biyu, da ƙarfin nan da aka tara, da haidirojin ɗin, a ke ɗinke iskar gawayi ta zama sukari. Melvin Calvin da abokan aikinsa Benson da Bassham su suka bi sawun wannan aiki a Jami'ar Kalifoniya wajen 1950, har aka ba Calvin lambar Nobel a 1961. Lissafin nasu irin na 'yan kasuwa ne, ku biyo ni a hankali.

A cikin ganye akwai wani abu mai ƙwayar kabon biyar, shi ne uwar kuɗi. Ku ɗauki guda uku nasa. Biyar sau uku, 15. Kowane ɗaya ya kama iskar gawayi guda, mai kabon ɗaya. Kabon ya zama 18 ke nan. Sai su rarrabu kashi shida, kowane kashi da kabon uku. Ƙarfin da aka tara daga rana ya sarrafa su. Sa'an nan kashi ɗaya ya fita, shi ne riba. Kashi biyar da suka rage, uku sau biyar, 15, sai a sake shirya su su koma guda uku masu kabon biyar-biyar, su koma bakin aiki. Uwar kuɗi ba ta ragu ba, riba ta fita. In aka zaga sau biyu, riba biyu suka haɗu, an sami sukari mai kabon shida.

A taƙaice, iskar gawayi shida da ruwa shida, da hasken rana, su kan ba da sukari ɗaya da oksijin shida. Wannan aiki shi masana ke kira fotosintesis, ma'anarsa haɗa abu da haske.

INA SUKARIN YA KE ZUWA?

Watakila wani zai ce, ni na tauna ganyen dawa ban ji zaƙi ba. Gaskiya ne, gama sukarin ba ya zama a madafa, aika shi a ke yi. Akwai waɗansu hanyoyi dabam da ke kai shi ko'ina cikin jikin tsiro.

Wani kashi tsiron da kansa ya ke ci, don shi ma yana numfashi dare da rana kamar mu. Da dare madafa tana rufe, sai cin abin da aka dafa. Wani kashi a kan sarƙa shi ya zama zare mai ƙarfi, da shi a ke gina kara da itace. Audugar rigar da ke wuyanka irin zaren nan ce, haka takardar da ka ke karantawa. Wani kashi a kan juya shi ya zama mai, kamar na gyaɗa da riɗi. Sauran a ajiye shi.

Rake da takanɗa suna ajiye nasu a kara yana sukari, shi ya sa a ke matse rake a dafa mazarƙwaila. Dabinon Dutse yana ajiye nasa a 'ya'ya, har fiye da rabin nauyin busasshen dabino sukari ne. Gero da dawa da masara su kan ƙulla nasu ya zama sitaci, su cusa a ƙwaya. Rogo da dankali su kai nasu ƙarƙashin ƙasa. In kana so ka ga sitaci, ka ɗiga aidin, irin na sa wa rauni, bisa yankan rogo, nan take wurin zai yi baƙi-baƙi mai shuɗi. Da aidin ɗin nan wani Bajamushe, Julius Sachs, ya nuna tsakanin 1862 da 1864 cewa ganyen da ya sha rana yana da sitaci, wanda aka tsare a duhu kuwa nasa ya kan ƙare.

Ku duba fa, tuwon da ka ci, da furar, da zumar da ƙudan zuma ya tsotso daga fure, da nono da naman saniyar da ta ci ciyawa, babu wanda bai bi ta cikin ganye ba. Ƙarfin da ka ke ɗaga garma da shi, hasken rana ne da ganye ya kama.

ABIN DA YA SA GERO DA DAWA SUKA DACE DA ƘASARMU

Ma'aikacin da ke kama iskar gawayi a cikin ganye, wanda masana ke kira rubisko, yana da aibu guda. In zafi ya tsananta ya kan yi kuskure ya kama oksijin maimakon iskar gawayi, aiki ya ɓaci, a yi hasara. Ga kuma wata wahala. Ƙofar da iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Ka ɗaure leda a bakin reshe mai ganye da hantsi, kafin azahar za ka ga raɓa ta taru a ciki. Saboda haka tsiro yana tsakanin abu biyu: ya buɗe ƙofa ya yi hasarar ruwa, ko ya rufe ya zauna da yunwa. In kun ga ganyen dawa ya nannaɗe da tsakar rana sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙofofi sun rufe ke nan, girki ya tsaya, ko da rana tana nan tar.

To, gero da dawa da masara da rake Allah ya ba su wata dabara. Suna da 'yan dako a bakin ƙofa, waɗanda ba su kuskure. Su ke kama iskar gawayi, su kai ta ƙuryar ɗaki kewaye da jijiyar ganye, su tara wa rubisko ita a gabansa har ya rasa hanyar kuskure. Masana biyu, Hatch da Slack, su suka bayyana wannan a Ostareliya a 1966, bisa ganyen rake. Da wannan dabara waɗannan shuke-shuke ba su bukatar wangale ƙofa, kusan rabin ruwan da alkama za ta sha ya ishe su su yi kaya mai nauyi daidai da nata. Alkama da shinkafa da gyaɗa da wake ba su da 'yan dakon nan. Kun ga ɗaya daga dalilan da suka sa a ke noman alkama a kwarin Haɗeja da sanyin hunturu, gero kuwa ya yi a jigawa da zafin damina. Kakanninmu ba su san sunan rubisko ba, amma sun san abin da ƙasarsu ke so.

ABIN DA MANOMI ZAI RIƘE

Ilmin da bai shiga gona ba, bai amfani manomi ba. Ga abu biyar.

Na ɗaya, kada ka fige koren ganyen dawa don dabbobi tun ƙwaya ba ta yi ƙarfi ba. Ganyayen sama su ne ke cika zangarniya. Wanda ya fige su ya rushe madafa ana tsakiyar girki. Akuya ta ƙoshi yau, iyali su ga tsaba marar nauyi da kaka. Na ƙasa da suka bushe sun gama aikinsu, ba laifi a cire.

Na biyu, noman firi kada ya yi latti. Ciyawa tana tare wa ƙaramar shuka haske, ta shanye mata ruwa. Haka kuma in tsiro ya yi yawa a rami guda, a rage, don kada su yi wa juna inuwa.

Na uku, ƙasa ba ita ce abinci ba, amma ita ke ba da kayan gina madafa. Ba a ƙera kulorofil da rubisko sai da naitirojin, shuka kuwa ba ta iya ɗibarta daga iska kai tsaye, sai ta saiwa. In ka ga ganyen ƙasa yana yin rawaya tun shuka tana ƙarama, sau da yawa rashinta ne. Maganinsa takin gida ko na zamani, da haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, gama a saiwarsu akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu kamo naitirojin daga iska. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Na huɗu, ƙuduji, wanda waɗansu ke ce wa wuta-wuta, ɓarawo ne. Ya kan manne a saiwar dawa da gero ya tsotse ruwa da abinci tun bai fito sarari ba. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, irin kuwa ya kan yi shekara goma ko fiye a ƙasa bai mutu ba. A cire shi kafin ya yi 'ya'ya, a fitar daga gona a ƙone.

Na biyar, ga masu dabino. Masana dabino suna lissafin koren reshe wajen takwas zuwa goma ga kowane nono guda. Wanda ya sassare koren reshe don wata bukata, ya rage wa kansa 'ya'ya. A Dutsen nan akwai tashar binciken dabino, wanda ke so ya ƙara sani ya je ya tambaya.

MAGANAR ITATUWA

Kowane itace rumbun kabon ne. In aka sare aka ƙone, kabon ya koma sama. Gawayin ƙasa da man fetur su ma ragowar tsire-tsire da ƙananan halittu ne na zamanin da can, waɗanda ƙasa ta binne. Kafin zamanin injuna, iskar gawayi wajen kashi 280 ce cikin miliyan. A 1958, da aka fara aunawa bisa wani dutse a Hawai, ta kai wajen 315. A 2024 ta wuce 420. Ita kuwa tana tare zafi kamar bargo, shi ya sa duniya ke ƙara ɗumi. Yawancin hayaƙin nan daga manyan ƙasashe masu masana'antu ya fito, amma zafin bai tsallake mu ba.

Amfanin itace a gonarka ya fi wannan kusa. Ku duba gawo. Da damina, sa'ad da hatsi ke bukatar rana, sai ya zubar da ganyensa, ya ba shuka haske, ganyen ya zama taki. Da rani, gona ta zama fili, sai ya yi kore ya kama nasa girki da ruwan da doguwar saiwarsa ke jawowa, ya ba dabbobi 'ya'ya. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na gefe.

'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, suka kama wata hanya da su ke kira sassaben zamani. In sun zo sharar gona ba su sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su rage sauran, su tsare su har su zama itace. Da haka itatuwa suka komo a wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba kuɗi aka kashe ba, wuƙa ce da haƙuri. Abin da ya yiwu a Maraɗi zai yiwu a ƙasar Dutse.

To, jama'a, ga abin da na ke roƙonku. Kowa ya yi gwajin tasa da ciyawa, ya kira 'ya'yansa su gani, ya bayyana musu da bakinsa. Kowa kuma in ya zo sharar gona bana, ya bar toho ko da biyar. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbuna, ya ƙara mana sani mai amfani. Amin.